Wasiƙa ta Biyu da Ban Rubuta Ba

Wata uku da saukata Ingila aka ba mu hutun Kirsimeti. A shekarar da motocin ƙasarmu suka koma bin hannun dama ne gwamnati ta tura ni ƙaro ilmin koyarwa, kwas na shekara biyu, a wani gari na arewacin ƙasar mai yawan masaƙu da hayaƙi. Ba zan ɓata muku lokaci da zancen sanyi ba, duk wanda ya je ya dawo ya ba ku labarinsa har kun gaji. Abin da ba a faye faɗa ba shi ne hutu. Ni dai duk wuyar da na sha a ƙasar nan, a cikin hutu na sha ta.

Ni mutumin Toranke ne ta ƙasar Ajingi. Kakanninmu Fulani ne masu shanu, amma tun kafin a haife ni mahaifina, Baffa, ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya. Shanun sun ƙare, Fillancin ma ya gudu sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma fulako yana nan daram. Ni ne ɗan fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baffa ba. Ina yaro "wancan" nake, da na zama malamin makaranta sai na koma "Malamin". In muna magana, ko dai yana kallon igiyar da yake tufka, ko yana kallon tumakinsa. Lokacin da na bar shi idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma ya fara gani dishi-dishi. An kai shi asibiti a Kano, suka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, abin a hankali zai tafi, kuma ba wanda ya san ranar. Wannan ido guda shi ne abin da na tafi da shi a raina, ko zan dawo in tarar yana gani ko a'a. A ƙa'idar karatun, ana ba ɗalibi tikitin jirgi sau ɗaya ya je gida a dogon hutun da ke tsakiyar kwas. A kan wannan hutun na ɗora duk burina.

Saura kwana uku a rufe makaranta, malamin da ke duba aikina, Mista Henli, ya tsayar da ni a bakin ofishinsa. Dogo ne mai fara'a, kullum da lofe a bakinsa.

Ya ce, "Mista Adamu, ina za ka yi hutu? In ba ka da wurin zuwa ka zo gidanmu. Akwai ɗaki, matata ma za ta yi murna."

Wallahi sai na ji zuciyata ta yi fari, don tun mako guda nake zullumin yadda zan yi. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini, na ce, "A'a yallaɓai, na gode ƙwarai. Ina da karatu da yawa."

Na tsaya ina jira ya sake. A Toranke in an yi maka bisimilla sai ka ce alhamdu lillahi. A sake, ka ce yanzu ka tashi daga kan tuwo. Sai mai gida ya ɓata rai ya ce ka raina abincin gidansa, sannan ka matso ka sa hannu kamar wanda aka yi wa dole. Wanda ya amsa a kiran farko kuwa, sai jikokinsa ma sun ji labarin.

Mista Henli ya cire lofe ya ce, "Madalla! Haka ake son ɗalibi." Ya dafa kafaɗata ya wuce abinsa. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, ina tsammanin zai waiwayo. Bai waiwayo ba.

Ranar da aka rufe makaranta, kafin azahar gidan kwanan ɗalibai ya watse. Gida mai hawa uku, ya rage daga ni sai wani tsohon maigadi da ba ya ji sosai. Masu dafa abinci ma sun tafi. Sun bar mini burodi da ƙwai da gwangwanayen wake a ɗakin girki, da 'yar takarda mai fatan alheri. Rana kuwa ba ta da niyyar fitowa. Gari ya waye a makare, kafin ka idar da la'asar an kunna fitilun titi. In na leƙa ta taga sai in ga gidajen mutane an yi musu kwalliya, ana ta shige da fice da ƙunshin kyaututtuka. Ba wanda ya yi mini laifi, ai an gayyace ni. Ni na ce a'a da bakina.

Na yi kwana tara ban yi magana da kowa ba, in ban da karatun salla. Rana ta goma na je gaida maigadi, sai na ji muryata ta fito a shaƙe kamar ta wani. A gida ko kana so ko ba ka so sai ka yi magana. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci sai ka gaisa da mutum goma, kowa ya tambaye ka gida da gajiya da ruwa. A nan kuwa da na mutu a ɗakin, sai an dawo hutu za a sani.

Don kada in zautu na kama aiki. Abin da aka ɗora mini shi ne in rubuta littafin koyar da aikin gona ga 'yan firamare na ƙasarmu. Ba ni da gona, ba ni da wanda zan tambaya, sai abin da ke kaina. Sai in zauna in bi shekarar Toranke daki-daki: sharar gona da bazara, kai taki a mangala bisa jaki, shukar binne kafin ruwan farko ya sauka, noman firi, maimai, har zuwa yankan gero da ɗaurin dami. In na rubuta da Turanci sai in faɗi na Hausar da ƙarfi don kunnena ya ji. Kaura, farfara, maiwa. Haka nake kiran sunayen hatsi ni kaɗai a ɗaki, kai ka ce 'yan'uwana ne nake jira su amsa. Kuma duk inda na juya a rubutun sai na ci karo da Baffa, don duk abin da na sani na noma a bayansa na koye shi, yana sara ina zuba iri. Tun aikin yana ɗauke mini kewa har ya koma shi ke kawo ta, amma ban da wani abin yi sai shi.

Da aka dawo hutu na kai wa Mista Henli babi uku. Ya juya takardun, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce bai taɓa samun ɗalibi irina ba. Daga nan ya shiga faɗa wa sauran malamai cewa Mista Adamu mutum ne da ba ya son a dame shi lokacin hutu. Shi a ganinsa yabona yake yi. Ni kuwa ya toshe mini hanya ke nan, don ba wanda ya ƙara gayyatata ko da shan shayi.

Hutu na biyu shi ne na Ista. Akwai wani ɗan ƙasarmu a makarantar, Lawandi, ɗan birnin Kano, mai bakin tsiya da son ado. Ba mu shaƙu ba, don shi da 'yan gayu yake tafiya, in ya gan ni sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "Sai Bafillatanin Gaya!" Ana gobe hutu sai ga shi a ɗakina da tarin littattafai a hammata, yana ta washe baki.

"Malam Adamu, ranka ya daɗe. Ni zan ɗan leƙa Landan, kai kuma na san zama za ka yi. Ga wata 'yar maƙala da aka ba ni, don Allah ka ɗan tsara mini ita. Kai ai abin nan a jininka yake."

Na ce, "A'a Lawandi, wallahi nawa ma ya ishe ni."

Wannan a'a kuwa ta gaskiya ce, daga zuciyata ta fito. Sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Malam, ni za ka yi wa fulako? Ai mun san ku, sai an roƙe ku sau uku. To don Allah, don Annabi, don darajar iyaye. Ga uku nan na cika."

Ya jibge littattafan a kan gadona, ya ce in ya dawo zai kai ni gidan wasu Kanawa in ci tuwon shinkafa da miyar kuka har in manta hanyar gida. Ku duba wannan abu. Ranar da na ce a'a ina nufin i, Bature ya ɗauka da gaske nake. Ranar da na ce a'a da gaske, ɗan'uwana ya ɗauka kunya ce. Na zauna na rubuta masa maƙalar tas, har da gyaran waƙafi. Ya dawo ya karɓa yana ta sa mini albarka, aka yaba masa a gaban aji, ya miƙe yana gyara kwat. Tuwon shinkafa kuwa har na baro ƙasar ban gan shi ba.

A cikin wannan hutun ne dai Allah ya haɗa ni da Baba Gulam. Dattijo ne mutumin Pakistan, ya rina gemunsa da lalle, yana da ɗan kanti a bayan tashar jirgin ƙasa inda nake sayen shinkafa da barkono. Wata rana da azahar na shiga, na tarar ya baje abinci a bayan kanta. Ya yi mini alamar in zo mu ci. Na dafa ƙirji na ce alhamdu lillahi. Ko saurarona bai yi ba. Ya jawo kujera, ya ce in zauna. Na sake cewa na ƙoshi. Sai ya haɗe rai, ya kama hannuna ya zaunar da ni da ƙarfi, ya ƙwala wa matarsa kira ta ƙaro kwano. Na kai loma ta farko ke nan sai ga hawaye. Na ce masa yaji ne ya yi yawa. Ya ce ai haka yajinsu yake, ya tura mini ruwa, ya kau da kai har na gama.

Da muka saba na ba shi labarin abin da ya faru tsakanina da Mista Henli. Ya yi dariya har da tari. Da gurɓataccen Turancinsa da nawa muke fahimtar juna.

Ya ce, "Ɗana, mutanen nan sau ɗaya suke tambaya. In kana so ka ce kana so. In ba haka ba yunwa za ta kashe ka kana godiya."

Na riƙe wannan magana gam. Na ce wa kaina daga yau an daina, i ita ce i, a'a ita ce a'a. Aka miƙo mini shayi sai in karɓa a karon farko. In na yi wa mutum tayi ya ƙi, ba na ƙarawa. Har wani alfahari nake ji, wai ni na waye, na gane cewa duk wannan jan rai namu ɓata lokaci ne. Ban san wayewar da na koya a kan wa za ta fara aiki ba.

Dogon hutu ya matso, daidai lokacin da damina ta kankama a gida. Sai Mista Henli ya kira ni. Ya ce in na zauna na kammala littafin kafin a dawo hutu, zai aika da shi ga masu duba littattafan makarantu, wataƙila a buga shi a raba wa yaran ƙasarmu. In kuwa na tafi gida, to, lokacin ya wuce, sai dai ya tsaya a matsayin aikin jarrabawa kawai. Ya ce shawara tana hannuna. Na fito daga ofishinsa kaina yana juyawa. Ni ɗan Toranke, a ce ga littafi da sunana a jiki!

Na sayi shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama na rubuta gida. Baffa ba ya karatun boko. Malam Sabo, wani malamin firamaren garinmu, shi ke hawa keke ya karɓo wasiƙa daga gidan waya na Gaya, ya karanta masa, ya kuma rubuta amsa. Na yi gaisuwa, na faɗi maganar tikiti da maganar littafi, na tambayi jikin ido, sannan na ce, in Baffa yana so in zo, zan ajiye komai in taho.

Bayan kusan mako uku amsa ta iso. Har yau ina iya kawo ta da ka.

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Baffa ya ce a gaya wa Malamin kada ya wahalar da kansa. Ido da sauƙi. Ya zauna ya yi abin da ya kai shi, kada a ce an tura shi karatu ya ɓige da zirga-zirga. An yi shuka, gero ya kai gwiwa. Inna tana gaishe ka."

A can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, Malam Sabo ya ƙara layi guda nasa na kansa: "Ni dai abin da aka ce in rubuta ke nan na rubuta."

Gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa ita ce, da na gama karantawa daɗi na ji. Na tambaya, an ce kada in zo, shi ke nan na fita haƙƙi. Layin Malam Sabo ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ce ai irin surutun malaman ƙauye ne. Akwai sauran lokaci da zan iya sake rubutawa amsa ta same ni kafin a rufe karɓar sunayen masu tafiya. Ni da na tashi a gidan, na fi kowa sanin cewa a bakinmu ko mutum yana gargara "da sauƙi" ake cewa. Na kuma san mutumin da ko sunana ba ya iya faɗa ba zai buɗe baki a karon farko ya ce yana son ganina ba. Duk na san wannan. Amma na naɗe wasiƙar na ce wa kaina Baffa ya ce a'a.

Na je ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje na ce ba na bukatar tikiti. Wata dattijuwar Baturiya ce a wurin. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka tabbata? Sau ɗaya ake bayarwa fa." Na ce na tabbata. Ta ce, "Ba ka son ka je ka ga mutanenka?" Na ce ina da aiki. A duk zamana a Ingila ita kaɗai ce Baturiyar da ta taɓa tambayata abu sau biyu, ni kuma na tsaya a kan bakana. Ta ja layi a kan sunana.

Wannan hutu ya fi duk sauran tsawo, wata biyu da rabi. Yanzu kuma ranar ce ta ƙi faɗuwa, sai ka gaji da jiran magariba. Na duƙufa ba ji ba gani. In tashi da asuba in kama, ba na miƙewa sai salla ko in yunwa ta ci ƙarfina. Yatsana na tsakiya ya yi kanta saboda riƙon alƙalami. Na rubuta babin gyaɗa, na rubuta na wake, na rubuta yadda ake gyaran rumbu da yadda ake gane ƙasar da ta gaji. Ina rubuta yadda gero ke fitar da kai, ina lissafin cewa a daidai wannan makon haka yake yi a gonarmu ta bayan gari. Aiki yana ta gaba, ni kuma ina ta ramewa. Ban taɓa yin aiki mai yawa da kyau irin na wannan hutu ba, ban kuma taɓa jin na tsani kaina irin na lokacin ba, ko da yake a sannan ban san dalili ba.

Ana saura 'yan kwanaki a dawo hutu na gama. Na je kantin Baba Gulam in yi masa albishir. Yana awon shinkafa ya ce shi ya ɗauka na tafi gida, da ya kwana biyu bai gan ni ba. Na ce ai na tambayi mahaifina, ya ce in zauna.

Ya tsaya da awon. Ya ce, "Mahaifin naka mai ciwon ido?"

Na ce shi.

Ya ce, "Sau nawa ka tambaye shi?"

Na ce, "Sau ɗaya."

 Ya ƙulle bakin ledar shinkafar, ya miƙo mini, ya juya yana gyara gwangwanayen da ba su bukatar gyara.  Na so in ce masa ai shi ya koya mini, amma na san ƙarya ne, shi a kan Turawa ya yi mini magana. Na fito na bi titi ina tafiya, sai da na wuce makarantar da nisa sannan na lura.

A ranar na rubuta gida, amma wasiƙata ta yi saɓani da wata a hanya. Wannan daga ƙanwata Hadiza ce, wadda ke aure a Kademi. Ita ba ta gaji fulakon gidanmu ba, tun tana ƙarama abin da ke bakinta shi take faɗa. Ta je Toranke ta tsare Malam Sabo ta ce ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya gyara.

"Yaya, idon Baffa ya tafi tun ana yankan gero. Yanzu ko fitila ba ya gani. Ranar da aka aika maka amsa, ya ba Malam Sabo saƙo ya sayo wata takardar jirgi ya ajiye, ya ce wataƙila Malamin zai sake rubutowa, kada a rasa ta amsa. Duk ranar da Malam Sabo ya dawo daga Gaya sai Baffa ya fito zaure ya tambaye shi ya hanya, ba ya tambayar wasiƙa, amma kowa ya san abin da yake jira. Ba ka rubuto ba. A kan takardar da ya ajiye ake rubuta maka wannan."

Na juya takardar na duba. Ta ɗan yi ja a gefe, da alamar ninki, irin na abin da ya daɗe a cikin aljihu.

Sauran shekarar ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Na yi hutun Kirsimeti na biyu a kantin Baba Gulam, ina taya shi sauke buhuna, don ban ƙara iya zama ni kaɗai da alƙalami ba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Littafi ya samu karɓuwa, aka ɗinke mini kwafi guda da koren bango. Mista Henli ya yi ta girgiza hannuna yana cewa da ɗalibai za su riƙa amfani da hutunsu kamar ni, da malamai sun huta. Na ce na gode.

Na sauka Kano da farkon damina. Na hau babbar mota ta Wudil zuwa Gaya, daga nan wani mai keke ya ɗauki akwatina ni kuma na bi shi a ƙafa. Ƙasa ta jiƙe, ko'ina ana shuka. Mutane suna ta tsayar da sara suna yi mini barka da zuwa, ina amsawa, amma ƙafata sai ƙara nauyi take yi.

Na tarar da shi a gindin tsamiyar ƙofar gida, a kan buzu, Hadiza tana gefe tana ɓare masa gyaɗar iri. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Malamin ya sauka lafiya? Ya hanya? Ya mutanen can?"

Na ce lafiya lau. Muka yi ta jan gaisuwa kamar wanda ya dawo daga kasuwar Balan ta nan kusa da mu. Da na rasa abin cewa sai na buɗe akwati na ɗauko littafin na sa masa a hannu. Ya shafa bangon, ya ɗaga shi yana jin nauyinsa.

Ya ce, "Abin da nauyi. Me ke ciki?"

Na ce, "Noma ne, Baffa. Yadda ake shukar gero da dawa, da noman firi, da maimai."

Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah. Ashe har Ingila ake zuwa a rubuto noman Toranke."

Hadiza ta yi dariya, ni ban iya ba. Na ce, "Baffa, da na sake rubutowa a lokacin nan..."

Ya katse ni. "Ai ni na ce kada a zo. Malamin ya bi magana, ba laifi. A shiga a gaida mutanen gida."

Na tashi na shiga. Ban kai ɗakin Inna ba na tsaya a bayan zana in share fuskata, don kada ta gan ni a haka. Shi kuma ya ɗauka na yi nisa. Sai na ji ya rage murya.

"Ke Hadiza."

"Na'am, Baffa."

"Ya yi ƙiba ne ko ya rame?"

"Ya rame, Baffa. Ya kuma ajiye gemu."

"Gemu?" in ji shi. "To da wa ya yi kama yanzu?"

"Da kai mana. Sak kai, lokacin da muke yara."

Ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta. Can ya ce, "To tashi ki je ki duba mini shi da kyau."

Ta taso ta zagayo zana, sai ga ni tsaye. Ta gane na ji komai. Ta tsaya a gabana ta shiga dubana tun daga hula har takalmi, a hankali, kamar yadda aka aike ta. Na tsaya mata har ta gama.